Abebe Bikila: Dogarin sarkin da ya ci birnin Rum da ƙafa ba takalmi

Da yammacin ranar Asabar, 10 ga watan Satumba 1960, 'yan tsere 69 daga ƙasashe 35 suka taru a gindin tudun Campidoglio da ke tsakiyar birnin Rum domin gudun fanfalaki na gasar Olamfik. A cikinsu akwai Sergei Popov na Tarayyar Sobiyet, wanda a lokacin babu mahalukin da ya taɓa cinye kilomita 42.195 ɗin nan da sauri kamarsa. Akwai kuma wani siririn soja ɗan ƙasar Habasha mai shekara 28, sanye da riga mai lamba 11, wanda manema labarai ba su san sunansa ba. Abin da kawai ya ja hankalin mutane gare shi shi ne ƙafafunsa, domin babu takalmi a cikinsu.

Taku kaɗan daga inda suke tsaye akwai dandalin Venezia, inda shekara 24 kafin wannan rana Benito Mussolini ya leƙo ta barandar fadarsa ya shelanta wa duniya cewa Habasha ta zama mallakin Italiya. Sojan nan yana ɗan shekara uku a lokacin. Bayan sa'a biyu da 'yan mintoci da tashin tseren, shi ne ya fara isa ƙarshen fage, ya zama baƙar fata na farko daga nahiyar Afirka da ya ci lambar zinare a tarihin Olamfik. Sunansa Abebe Bikila.

Ƙuruciya a zamanin mamaya

An haifi Abebe ranar 7 ga watan Agusta 1932 a ƙauyen Jato, kusa da garin Mendida a lardin Shewa, cikin tsaunukan da ke arewa da Addis Ababa. Ranar da aka haife shi ta dace da ranar da aka yi gudun fanfalaki na Olamfik ɗin Los Angeles a Amurka, wanda Juan Carlos Zabala na Ajantina ya lashe. Iyayensa talakawan ƙauye ne, kuma ya tashi kamar sauran yaran yankin, yana bin dabbobi kiwo daga wannan tudu zuwa wancan.

A watan Oktoban 1935 sojojin Italiya suka kutsa Habasha, domin huce haushin kashin da suka sha a yaƙin Adwa na 1896. Sun zo da jiragen sama da iskar guba, suka kama Addis Ababa ranar 5 ga Mayu 1936, Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira zuwa Ingila. A watan Fabrairun 1937, bayan an yi yunƙurin kashe gwamnan mulkin mallaka Rodolfo Graziani, aka kwana uku ana karkashe dubban mutane a babban birnin. Bayan wata uku aka hallaka limaman gidan ibada na Debre Libanos, wanda shi ma a lardin Shewa yake. A shekarar ce kuma 'yan mamaya suka kwashe wata hasumiyar dutse daga tsohon birnin Aksum, mai tsawon kimanin mita 24, suka kai ta Rum suka kafa a gaban ginin Ma'aikatar Afirka ta Italiya, domin duk mai wucewa ya ga ganimar yaƙi.

Yaƙin ya tilasta wa iyalan su Abebe barin ƙauyensu suka koma wani lungu mai suna Gorro, sai daga baya suka dawo. Wasan da ya fi shahara da shi a ƙuruciya shi ne gena, wani wasan gargajiya da ake buga ƙwallo da lanƙwasasshiyar sanda a fili mai faɗi, inda a wasu ƙauyuka tazarar da ke tsakanin gida da gida kan kai kilomitoci. Yaron da ya saba da kiwo a kan duwatsu, ya kuma saba da bin ƙwallo daga wannan ƙauye zuwa wancan, ya riga ya gina huhu da ƙafafun ɗan tsere tun bai san akwai wani abu wai shi tsere ba.

Yadda ya fara gudu

Yana kusan shekara 20 ya sauko Addis Ababa neman abin yi, kuma wajen 1952 ya shiga rundunar dogarawan sarki. Wannan runduna ita ce 'yar lelen fada. Daga cikinta aka zaɓi bataliyar da Habasha ta tura yaƙin Koriya a 1951, kuma sojojinta sun fi sauran sojoji samun abinci, sutura da horo. Ga ɗan makiyayi, shiga cikinta babban rabo ne.

Abebe bai fara gudu da niyyar gasa ba sai da ya kai wajen shekara 24, shekarun da a yau wasu 'yan tsere sun riga sun tara lambobi. An ruwaito cewa abin da ya zaburar da shi shi ne ganin tawagar da ta wakilci ƙasar a Olamfik ɗin Melbourne na 1956, karon farko da Habasha ta halarci gasar, sanye da riguna masu ɗauke da sunan ƙasarsu. A tsakiyar shekarun 1950 yakan yi gudu kullum tsakanin tsaunukan Sululta da Addis Ababa, zuwa da dawowa. A gudun fanfalakinsa na farko, a gasar sojoji ta 1956, ya zo na biyu a bayan Wami Biratu, wanda shi ne gwarzon ƙasar a lokacin.

Wanda ya mayar da wannan baiwa ta zama sana'a shi ne Onni Niskanen, Bature haifaffen birnin Helsinki na ƙasar Finlan wanda ya tashi a Suwidin, ya kuma zo Habasha bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta ɗauke shi aikin horar da sojoji da 'yan makaranta wasannin motsa jiki. Ƙasashen Finlan da Suwidin su ne suka yi fice a ilimin gudun dogon zango a farkon ƙarni na 20, kuma da wannan ilimi Niskanen ya zo. Ya haɗa wa Abebe dogon gudu a kan hanya da cikin daji, da hawan tudu, da kuma gajerun zagaye masu sauri da ake maimaitawa ana ɗan hutawa a tsakani.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da aikinsa a jiki. Abincin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta domin aikin gaggawa yakan ƙare wa mai gudu a wajen kilomita 30, shi ya sa a nan ne akasarin sababbin 'yan fanfalaki ke durƙushewa. Dogon gudu a hankali, mako bayan mako, yana koya wa jiki ƙona kitse tare da tattalin wancan abincin, yana kuma ƙarfafa jijiyoyi da gaɓoɓi su jure dukan ƙasa na sa'o'i. Gajerun zagaye masu sauri kuwa suna horar da zuciya ta riƙa tura jini da yawa a bugu ɗaya. Ban da wannan, Addis Ababa tana bisa tsauni da ya haura mita 2,300 daga doron teku, inda kowane numfashi ke shigar da iskar da ba ta kai ta bakin teku amfani ba. Jikin wanda ya rayu a irin wannan wuri ya saba da aiki cikin ƙarancin iska, don haka idan ya sauko ƙasa sai gudu ya zo masa da sauƙi. A 1960 masana wasanni ba su gama gane muhimmancin wannan ba.

Abin da Niskanen ya fi cusa wa ɗalibinsa shi ne haƙuri. Wanda ya fara koyon fanfalaki yakan tashi da ƙarfinsa duka tun daga farko, ya bi masu gaba, ya ƙone kafin rabin hanya. Abebe ya koyi raba ƙarfinsa daidai da tsawon tafiya, ya bar masu garaje su yi gaba, ya riƙe taki ɗaya har sai sun gaji ya zo ya wuce su. Shekara huɗu aka yi ana wannan aiki kafin duniya ta ji sunansa. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙa'idar Olamfik ta wancan zamani, ba a yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗi saboda wasa ba. Albashin Abebe na soja ne, bariki ne ya ba shi abinci, lokaci da mai horarwa. Ba shi kaɗai ba, Wami Biratu da Mamo Wolde su ma sojoji ne. A ƙauyukan Habasha akwai dubban samari masu irin ƙafafunsa, amma gwamnati ba ta ganin kowa sai wanda ya shigo cikin kaki.

A watan Yulin 1960 ya ci fanfalakinsa na farko a Addis Ababa. Bayan wata guda ya sake cin wani cikin sa'a 2 da minti 21 da daƙiƙa 23, lokacin da ya fi bajintar Olamfik da Emil Zátopek ya kafa a 1952. A Turai ba a ɗauki wannan adadi da muhimmanci ba. An daɗe ana yaɗa cewa sa'a ce kawai ta kai shi Rum, wai Wami Biratu ne ya kasa tafiya aka cusa shi a gurbinsa dab da tashi. Ɗan jaridar Birtaniya Tim Judah, wanda ya rubuta tarihinsa a 2008, ya nuna cewa shiri ne da aka daɗe ana yi.

Daren Rum

Da suka isa Rum, Abebe ya samu sabon takalmi, amma bai zauna masa daidai ba, har ya fitar masa da bororo. Sai ya yanke shawarar yin gudu ba takalmi, yadda ya saba a gida. Tafin ƙafarsa ya yi kanta tun yana yaro, kuma a tafiyar kilomita 42 takalmin da ke cizo ya fi tsakuwa illa.

Saboda zafin rana, an tsara tseren ya tashi da yamma ya ƙare da dare. Shi ne kuma karon farko da fanfalakin Olamfik bai tashi daga filin wasa ba, bai kuma ƙare a cikinsa ba, domin masu shiryawa sun so su nuna wa duniya kayan tarihin birninsu. Hanyar ta ratsa dandalin Porta Capena sau biyu, a farko da kuma dab da ƙarshe, kuma a wannan dandali ne hasumiyar Aksum take tsaye. Italiya ta yi alkawarin mayar da ita tun a yarjejeniyar sulhu ta 1947, amma shekara 13 bayan haka tana nan inda Mussolini ya kafa ta.

Lokacin da suka wuce hasumiyar a karon farko, Abebe yana can bayan ayarin masu gaba, wanda ya haɗa da Arthur Keily na Birtaniya, Aurèle Vandendriessche na Beljiyam da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko. Har zuwa kilomita 20 ana ta karɓa-karɓa a gaba. Wajen kilomita 25 sai Abebe da Rhadi suka ɓalle, suka bar sauran. A kilomita 30 sun ba Popov da Barry Magee na Niyu Zilan ratar kusan minti biyu.

Duhu ya sauka yayin da suka hau tsohuwar hanyar Appia, wadda Rumawa suka shimfiɗa da duwatsu shekara fiye da dubu biyu da suka wuce, kuma ta kanta rundunoninsu ke fita yaƙi. An jera sojojin Italiya a gefen hanya riƙe da tocilan wuta domin haskaka wa 'yan tsere. Cikin wannan haske 'yan Afirka biyu suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da takalmi, ɗaya babu. An ruwaito cewa kwanaki kafin tseren Abebe da Niskanen sun zagaya hanyar, suka lura cewa daga hasumiyar zuwa ƙarshe bai kai kilomita biyu ba, suka tsayar da ita a matsayin alamar sakin ƙarfi. A wannan zango na ƙarshe ne kuwa ya tsere wa Rhadi.

Ya isa gindin ƙofar tarihi ta Sarki Constantine, kusa da tsohon filin Colosseum, cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16.2. Wato ya yi ta cinye kowace kilomita cikin kimanin minti 3 da daƙiƙa 12, tun daga farko har ƙarshe. Ya riga Rhadi da daƙiƙa 25, ya kuma karya bajintar duniya ta Popov da abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Magee ya zo na uku, Popov na biyar, ɗan ƙasarsa Abebe Wakjira na bakwai. Da ya tsallake layi bai zube ƙasa ba, sai ya shiga miƙe jiki yana taɓa yatsun ƙafarsa, yana tsalle a wuri ɗaya.

Kafin shi, 'yan Afirka sun taɓa cin wannan tsere. Boughera El Ouafi a 1928 da Alain Mimoun a 1956 dukansu haifaffun Aljeriya ne, amma tutar Faransa aka ɗaga musu, taken Faransa aka buga. Turawan Afirka ta Kudu ma sun ci zinare tun farkon ƙarni. Kwanaki kaɗan kafin tseren, ɗan damben Ghana Clement Quartey ya ci azurfa a wannan gasa. A daren 10 ga Satumba kuwa, zinare da azurfa duk suka tafi ƙasashen Afirka biyu masu cin gashin kansu. A wannan shekara ƙasashe 17 na nahiyar suka samu 'yanci. Nijar ta karɓi nata ranar 3 ga Agusta, Najeriya kuwa mako uku cif bayan tseren. Ga miliyoyin da ke jiran saukar tutar Turawa, hoton baƙin mutum yana wuce sojojin Italiya ba takalmi bai buƙaci fassara ba.

Wata uku bayan nasara

Abebe ya koma gida aka yi masa gagarumar tarba. Sarki Haile Selassie ya ba shi lambar girma ta Tauraron Habasha, aka ƙara masa girma zuwa kofur, aka ba shi gidan zama da mota ƙirar Volkswagen tare da direba, domin bai iya tuƙi ba tukuna. Gidan da motar duk mallakin runduna ne. Fada ta gane amfanin da ke cikin wannan soja, domin ya zame mata shaidar da za ta nuna wa duniya cewa ƙasar na ci gaba a ƙarƙashin sarki.

Amma a cikin ƙasar abubuwa sun sha bamban. Filayen noma suna hannun 'yan sarauta, manyan fadawa da coci, manomi kuwa yana noma ya miƙa kaso mai tsoka ga mai gona. Makarantu kaɗan ne, akasarin jama'a ba su iya karatu ba. Ranar 13 ga Disamba 1960, yayin da sarki ke ziyara a Birazil, kwamandan dogarawan sarki Janar Mengistu Neway da ƙanensa Germame Neway suka yi yunƙurin juyin mulki. Germame ya yi karatu a Jami'ar Columbia ta Amurka, kuma lokacin da yake gwamna ya jawo wa kansa baƙin jini wurin masu ƙasa saboda raba gonaki ga marasa shi. Suka kama ministoci, suka sa Yarima Asfaw Wossen ya karanta jawabi a rediyo a matsayin sabon sarki. Ɗaliban jami'a suka fito zanga-zangar goyon baya.

Sojojin ƙasa da na sama ba su bi su ba, shugaban cocin ƙasar ma ya la'ance su. Aka yi kwanaki ana ba-ta-kashi a tsakiyar Addis Ababa. Da masu juyin suka ga ta ƙare musu, sai suka buɗe wuta a kan manyan fadawa da ministocin da suke tsare da su. Germame ya mutu a lokacin da ake farautarsu, aka kama Mengistu aka rataye shi a watan Maris 1961. Dogarawa da yawa sun mutu a faɗan, wasu aka ɗaure, wasu suka gudu.

Abebe ɗan wannan runduna ne. Ba shi da hannu a shirin, amma an kama shi aka yi masa tambayoyi kafin a sake shi. Mutumin da wata uku baya aka yi wa kaɗe-kaɗe a titi ya ga yadda tazarar da ke tsakanin gwarzon ƙasa da wanda ake tuhuma da cin amanar ƙasa ba ta da yawa. Lambar zinarensa ta zame masa garkuwar da sauran abokan barikinsa ba su da ita. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa ya ci gaba da zama sojan sarki.

Tokiyo, kwana 35 bayan tiyata

A 1961 ya ci fanfalaki uku a ƙasashen waje: a Atina ta ƙasar Girka, inda ya yi gudu ba takalmi a karo na biyu kuma na ƙarshe a babbar gasa, sai Osaka a Japan da Košice a Cakoslobakiya. A 1963 ya je Boston tare da Mamo Wolde. Sun yi ta jan ragama har wajen kilomita 29, sai iska mai sanyi da tudun Newton suka karya musu lago, Abebe ya ƙare a na biyar. Wannan ne kaɗai karon da ya kammala fanfalaki a wajen ƙasarsa ba tare da ya zo na ɗaya ba.

Saura 'yan makonni a fara Olamfik ɗin Tokiyo na 1964, yana horo a Debre Zeit, ciwon ciki ya turnuƙe shi. Likitoci suka gano afendis ne, aka yi masa tiyata ranar 16 ga Satumba. Cikin mako guda ya bar asibiti. Ranar 21 ga Oktoba, kwana 35 bayan an farka cikinsa, ya tsaya a layin tashi, wannan karon sanye da takalmin Puma.

Ya sake bin tsarinsa na Rum. Ya bar Ron Clarke na Ostireliya da Jim Hogan na Ailan suka yi gaba, ya riske su wajen kilomita 15, ya karɓe gaba kafin kilomita 20. Clarke ya ja baya, Hogan ya nace har ƙarfinsa ya ƙare ya fita daga tseren. Abebe ya shiga filin wasa shi kaɗai, ya kammala cikin sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11.2, sabuwar bajintar duniya. Ya samu lokacin kwantawa a kan ciyawa ya motsa jiki kafin na biyu ya iso, domin Basil Heatley na Birtaniya, wanda bajintarsa ce aka karya, sai bayan fiye da minti huɗu ya tsallake layi, bayan ya wuce Kokichi Tsuburaya na Japan a gaban jama'arsa.

Shi ne mutum na farko da ya ci fanfalakin Olamfik sau biyu. Daga baya mutum biyu ne kawai suka maimaita wannan a ɓangaren maza: Waldemar Cierpinski na Jamus ta Gabas a 1976 da 1980, da Eliud Kipchoge na Kenya a Riyo da Tokiyo. Nasarar 1964 ta kuma rufe bakin masu cewa rashin takalmi ne sirrinsa. Aka ƙara masa girma zuwa laftana, aka ba shi gida da motar Volkswagen ta kansa.

Meziko da haɗarin mota

Ya ci gaba da cin tsere a Japan a 1965, da Zarautz ta Sifaniya da Seoul ta Koriya ta Kudu a 1966. Na Seoul shi ne fanfalaki na ƙarshe da ya kammala. A 1967 rauni a cinya ya hana shi ƙarasa tseren Zarautz. A Olamfik ɗin birnin Meziko na 1968 an ba shi riga mai lamba 1 domin girmamawa, amma mako guda kafin tseren likitoci sun gano tsagewa a siririn ƙashin ƙwaurinsa na hagu. Duk da haka ya shiga, ya yi kimanin kilomita 16 ya tsaya. Mamo Wolde ya ɗauki tutar ya ci zinaren, Habasha ta lashe fanfalakin Olamfik sau uku a jere. A tseren fanfalaki 16 da Abebe ya shiga a rayuwarsa, ya ci 12. Da ya koma gida aka ba shi muƙamin kyaftin.

Daren 22 ga Maris 1969 yana tuƙa motarsa Volkswagen sai ta ƙwace masa ta kife, ya kwana a cikinta har gari ya waye kafin a ciro shi. Ya samu rauni a ƙashin wuya, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Bayan mako guda aka ɗauke shi zuwa asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda ya yi wata takwas, har Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta je duba shi. Hannayensa sun dawo aiki a hankali, ƙafafunsa kuwa ba su ƙara ɗaukarsa ba.

Wannan asibiti shi ne inda Dokta Ludwig Guttmann ya ƙirƙiro wasannin masu raunin laka a 1948, waɗanda suka zama tushen gasar Olamfik ta naƙasassu. Karon farko na wannan gasa an yi shi ne a Rum, kwana takwas bayan nasarar Abebe. Yanzu ga shi ya shigo cikin wannan duniya yana da shekara 36, ya koma ɗan koyo kamar yadda yake a 1956. Ya fara horon harbin baka daga kan keken guragu. A watan Yulin 1970 ya shiga gasar Stoke Mandeville a harbin baka da ƙwallon tebur. A 1971 aka gayyace shi Norwe a matsayin baƙo, sai ya shiga tseren amalanken da karnuka ke ja a kan dusar ƙanƙara, ya kuma zo na ɗaya.

A Olamfik ɗin Munich na 1972 ya halarta a matsayin babban baƙo, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa. Yana zaune a kekensa ya kalli Frank Shorter na Amurka ya ci fanfalaki, Mamo Wolde mai shekara 40 ya zo na uku. Shorter na karɓar lambarsa ya nufi inda Abebe yake ya miƙa masa hannu.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Abebe Bikila ya rasu a Addis Ababa ranar 25 ga Oktoba 1973 sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, wanda ke da nasaba da haɗarin da ya yi. Yana da shekara 41. An yi masa jana'izar ƙasa da faretin soja, dubun dubatar mutane suka halarta, sarki da kansa ya je, ya kuma ayyana ranar makoki. Aka binne shi a makabartar cocin Saint Joseph.

A watan da aka binne shi ne duniya ta fara ganin hotunan yunwar lardin Wollo, wadda gwamnati ta yi ta ɓoyewa. Ba a cika shekara ba, ranar 12 ga Satumba 1974, sojoji suka tuɓe Haile Selassie, suka fitar da shi daga fada a bayan wata mota ƙirar Volkswagen, irin wadda ya ba gwarzonsa kyauta. Abokinsa Mamo Wolde ya rayu ya ga zamanin gwamnatin soja ta Derg da faɗuwarta, aka kama shi bisa zargin hannu a kisan da aka yi a lokacinta, ya yi shekara tara a tsare, aka sake shi a farkon 2002, ya rasu bayan 'yan watanni.

Hanyar da Abebe ya buɗe ba ta rufe ba. Miruts Yifter, Derartu Tulu, Haile Gebrselassie, Fatuma Roba da Kenenisa Bekele duk ta cikinta suka biyo. Siyasa ma ba ta bar wannan tsere ba. A Riyo a 2016, Feyisa Lilesa ya tsallake layi a matsayi na biyu ya gitta hannayensa bisa kansa, alamar goyon bayan masu zanga-zangar Oromo da jami'an tsaro ke kashewa a gida, abin da ya sa ya zauna gudun hijira har 2018.

Hasumiyar Aksum kuwa ta ƙara kusan shekara 45 a Italiya bayan daren da Abebe ya wuce ta. A watan Afrilun 2005 aka ɗauko ta a jirgin sama gida uku, aka sake kafa ta a Aksum a 2008. Bayan shekara biyu, a fanfalakin birnin Rum na 2010, wanda aka keɓe domin cika shekara 50 da nasarar Abebe, ɗan Habasha Siraj Gena yana kan gaba, saura 'yan mitoci ɗari ya isa, ya tsaya ya tuɓe takalmansa ya ƙarasa da ƙafa.